Gyaren da Na Je Ɗauko wa Kawu Labbo

Tun da na dawo daga arewacin Nijar ba a bar ni na huta ba. In ina zaune a rumfata a Gusau, wannan ya leƙo, "Sahabi, wai da gaske ka ga abin?" In na je gida Tsafe ran Juma'a, tun ban cire takalmi a ƙofar masallaci ba an tare ni. Har wani ya baza cewa wai na ci naman raƙumi na manta hanyar gida. Naman raƙumi kam na ci, ba na musu, amma hanya ga ni nan gabanku. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa da inda yake yanke labarin ya ƙara nasa gishiri. To bari in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ni sana'ata rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota. Tun da aka ba mu jiha shekara biyu da suka wuce aiki ya buɗe, ko'ina ka duba hanya ake fasawa. Akwai wani kamfanin kwangila da ke zuba marmara a hanyar da ta tashi daga Bungudu ta nufi Kekun Waje, ni ke duba masu wutar motoci. A nan Kawu Labbo yake aiki, yayan mahaifiyata, mutumin da ya ɗauke ni ya riƙe bayan rasuwar babana, shi ya kai ni koyon sana'ar nan da hannunsa. Aikinsa shi ne tsayawa bayan tifa in tana ribas, yana ɗaga hannu yana nuna wa direba inda zai juye. Ya fi shekara ashirin yana wannan, daga wannan kamfani zuwa wancan, har ƙarar injuna ta cinye masa kunne. Na hagu ya mutu murus. Na dama sai ka kai baki kusa ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi.

Farkon bazara abin ya faru. Kawu yana fuskantar wata tifa, gireda ta taho ta bayansa. Direba ya danna hon har hannunsa ya gaji, Kawu bai ji ba. Gefen wuƙar gireda ya kwashe shi ya jefa a kwalbati. Allah ya kiyaye, kafaɗa kawai ya buge. Amma Injiniyan kamfanin ya kira ni gefe ya ce, "Sahabi, ina ganin girman tsohon nan, amma ba zan jira in ga gawarsa ba. Ƙarshen wata ya ajiye aiki." Gaskiya ya faɗa, amma sai da na ji kamar in shaƙe shi. Kawu yana da jikoki marayu a gabansa, gonarsa kuma ba ta kai ta ciyar da gidan ba. Ban da wannan ma, aikin nan shi ne shi. A garinsu Kekun Waje ba a ce masa Labbo kawai, sai Labbo na hanya.

Ana cikin haka Iliya ya zo gida hutun Babbar Sallah. Abokina ne ɗan Bilbis, tare muka koyi aiki, shi ya bi wani maigida ya tafi can arewa da Agadas yana kanikanci a wani ramin haƙar ma'adinai. Da na ba shi labari sai ya ce, "Kai, ai mu can akwai wani abu da Turawa suka kawo suna gwadawa. Ɗaura shi ake a ƙugu, in mota ta kusanto ka ya yi ta tsuwa yana kaɗa maka jiki. Gyare muke ce masa." Na ce ya rantse. Ya rantse. Washegari na je wa Injiniya da maganar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Je ka. In ka kawo na gani da idona yana aiki, tsoho ya zauna. Kafin ka dawo zan ba shi tuta ya tsaya can mahaɗa, nesa da motoci."

Iliya ya riga ni komawa, ni na bi bayansa ni kaɗai, ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba.

Na fara tsayawa Bungudu na shiga Kekun Waje yin sallama. Inna Hajo, matar Kawu, ta haɗa mini guzuri kamar mai tafiya Makka a ƙasa: ƙuli-ƙuli, dakuwa, yaji a ƙullin leda, da soyayyar zabuwa wadda na san ita kaɗai ta rage masu. Kawu ya rako ni bakin hanya, kafaɗa ɗaure da tsumma.

Ya ce, "Kai ɗana, wanga abu da gaske shina hana mota taka mutum?"

Na kai baki kunnensa na ce, "Ba hanawa yake ba, Kawu! Gaya maka yake ta taho!"

Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai shi ke nan. Layar Turawa ce." Na yi dariya na shiga mota, ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba abin faɗa, sai matsi. Mu huɗu a kujerar mutum uku, kusa da ni wata Hajiya 'yar Konni mai fataucin atamfa, mace mai jiki, masha Allah, wadda ta danne mini cinya ɗaya har ta daina jin jini. Na yi ta tsaki a raina, ban san ita za ta cece ni ba.

A kan iyaka namu suka duba mu suka sallama. Da muka isa wurin jandarmomin Nijar aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani dogo ya zura hannu a jakata ya zaro mitar da nake auna wuta da ita, ga wayoyinta ja da baƙi suna reto. Nan take ya ja da baya, ya yi wani yare da Faransanci, sai ga wasu biyu sun taso. Na shiga bayani da Hausa, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi, sai murya ta fara hawa. Hajiya ta dafa ni ta ce, "Yi shiru, ɗan Najeriya, bakinka zai kai ka gidan kaso." Ta juya ta wanke su da Faransancinta na kasuwa. Babbansu ya dube ni ya ce da Hausa, "Kai mai gyara ne? To zo." Ya kai ni ɗakinsu ya nuna mini wata fanka da ta mutu tun ban san yaushe ba. In ta tashi, mai gyara ne ni. In ba ta tashi ba, to, za a sake magana.

Wallahi ban taɓa gyara da addu'a irin ta ranar ba. Ashe waya ce ɓera ya ci. Ina ciki ina jin direbanmu a waje yana ta tayar da mota zai tafi ya bar ni. Da na fito, fanka na juyawa, jandarmomi na sa mini albarka, sai na iske Hajiya ta hau kan bonet ta zauna daram, ta buɗe ƙullin goro tana ci. Direba na roƙo, ita ko kallonsa ba ta yi. A Konni muka rabu, na ba ta cinyar zabuwa, ta ce in na dawo in koyi riƙe harshena. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar shi ne burodinsu. Dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ga tauri, mutum ya saƙala shi a hammata yana tafiya ba leda ba komai. Na ce wannan in aka kawo shi tashar Gusau faɗa za a yi da shi. Amma in ka tsoma a shayi, kai, sai ka nemi ƙari. Na biyu, da rana ta take kowa sai ya rufe shago ya tafi ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati. Na isa Tawa a daidai wannan lokaci ina neman inda zan sayi batirin tocila, gari tsit kamar an yi shara. Wani tsoho a gindin bango ya ce, "Mi kake biɗa da ranag ga? Zamna, duniya ba ta gudu." Mu da muke ganin wanda ya kwanta da rana malalaci ne, na zauna ina hararar gari. Kafin la'asar ni ma na yi barci har da minshari.

A tashar Tawa na kwana, a wata rumfa da ake shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Na rungume jakar kayan aikina, na ɗaura igiyarta a wuyan hannu yadda muka saba. Da safe mai rumfar ya kawo mini ruwan alwala yana dariya, ya ce duk wanda ya ga ya kwana da jaka a ƙirji ya san daga inda ya fito. Na ji haushi, na buɗe baki zan rama, sai na tuna Hajiya na haɗiye.

Daga Tawa zuwa Agadas ba a tafiya ɗai-ɗai a lokacin. Tara motoci ake, sojoji a gaba sojoji a baya, a tafi a jere, kuma ba mai tsayawa sai inda aka ce. A wani zango kafin a shiga dogon daji wata mata ta kawo nono a ƙwarya, fari tas, da kumfa. Aka ce na raƙumi ne. Wani Buzu da ke kujera ɗaya da ni ya ɗaga yatsa ya ce, "Baƙo, kaɗan." Na ce a raina, ni da na tashi cikin Fulanin Tsafe za a koya wa shan nono? Na kafa kai na shanye ƙwarya guda.

Jama'a, kada Allah ya nuna wa maƙiyinku. Ba mu yi nisa ba cikina ya fara kiran sunana. Ga daji fetal ba ko kara da mutum zai raɓa, ga sojoji sun ce ba tsayawa. Na yi gumi, na karanta duk abin da na haddace, na koma na sake. Buzun nan bai yi mini dariya ba, ko da yake ban ga bakinsa ba, rawani ya rufe. Sai ya miƙe ya dinga dukan rufin mota har direba ya tsaya, ya sauka ya je ya yi magana da sojojin baya. Mota ɗaya ta soja ta tsaya gadina. Buzun ya warware wani mayafi ya riƙe mini ya juya baya. Ni Sahabi, da gemuna, sojan wata ƙasa na tsaron lafiyata da bindiga ina tsugune. Da muka koma mota ya ba ni wani garin ganye mai ɗaci na haɗiya, cikin ya lafa. Bai ƙara ta da maganar ba har muka rabu.

Agadas kwana ɗaya na yi, a gidan wani bakanike da Iliya ya haɗa ni da shi. Can na ci naman raƙumin da ake ta yi mini gori, kuma ba laifi, sai dai a ba haƙori haƙuri. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne maza su ne masu rufe fuska, mata kuwa fuska a buɗe, suna zaune ana hira da su, har su katse namiji. Maigidan ko abinci zai ci sai ya cusa ta ƙarƙashin rawani. Na tambaye shi ko ba ya jin zafi, ya ce shi mamaki yake yadda muke yawo da baki a waje gaban surukai.

Daga nan motar kamfanin su Iliya ta ɗauke ni zuwa ramin. Duk wanda ya ce maku ya ga babbar mota a Gusau, ku ce ya je can. Tayar tifarsu ɗaya ta fi ni tsawo ko na ɗaga hannu. Direba da tsani yake hawa, kuma in ya zauna can sama, mutumin da ke tsaye kusa da shi bai fi kaza ba, ba ya ma ganinsa. Ga wurin ba itace ko ɗaya. Iliya ya ce da can in rana ta yi zafi leburori ƙarƙashin motocin suke shiga su sha inuwa, wani ma ya yi salla a gindin taya, kamar dai yadda namu suke yi. Abin da ya sa aka kawo gyare ke nan.

Da safe kowa ya zo ya karɓi nasa a sito tare da hular kwano. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanka girma ba, da maɗauri a baya da ake saƙalawa a bel. Ashe abin biyu ne. Akwai uwarsa, wani akwati da ake ɗaurawa a jikin mota a haɗa da batir. Uwar ce ke kira, ɗan ya amsa. In sun kusanci juna na ƙugunka ya yi tsuwa ya yi karkarwa, a ɗakin direba kuma wata fitila ta kama da ƙara. Iliya ya samo mini izini aka ɗaura mini ɗaya, ya ce in juya baya in toshe kunnuwa da yatsu. Ya je ya taho da wata ƙaramar motar gyara a hankali. Ban ji komai ba, ban ga komai ba, sai kawai wani abu ya kama kaɗa mini ƙugu kamar an saka mini ƙwaro a wando. Na daka tsalle gefe, leburori suka fashe da dariya. Na waiwaya, ga mota can da sauran tazara.

Na ce a sake. Aka sake. Na ce a ƙara. Ina tsaye da yatsu a kunne, sai na ji hawaye na zubo mini, don a lokacin na san yadda Kawu yake ji a tsakiyar motoci, duniya shiru, kuma ga abin da zai taɓa shi ya ce masa kauce. Ban ji kunyar kowa ba.

Mai kula da siton wani dattijon Buzu ne, Agali. Iliya ya kai ni wurinsa da la'asar, ya dafa mana shayi. Na shanye kofin farko, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya zan shiga maganar da ta kawo ni, Iliya ya taka mini ƙafa. Ashe sai an sha uku, kuma ba a gaggawa. Sai da aka kai na ukun, mai zaƙi, sannan Agali ya ce in faɗi buƙatata. Na kwashe labarin Kawu na gaya masa. Ya saurara bai katse ni ba. Da ya tashi zai shiga ciki sai na ga ya jawo sanduna biyu daga bayan buhu. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa babu. Duk zaman nan riga ta rufe, ban lura ba.

Ya dawo da gyare ɗaya da uwarsa ɗaya. Ya ce na farkon da aka kawo ne, an canza su da sababbi, kuma ya riga ya yi magana da Baturen da ke kula da lafiyar ma'aikata, ya yarda a ba ni. Na miƙa hannu, sai ya ƙi saki.

Ya ce, "Motoci nawa ne wurinku?"

Na ce suna da dama.

"Uwa ɗaya na ba ka."

Na ce ai ko ɗaya ce ta rage wani abu.

Ya girgiza kai ya ce, "Haka na zata. Ni ma bayan motoci nake tsayawa da. Shekara da shekaru ina waiwaye, ko a gida nake, ko tuwo nake ci, wuyana bai zama wuri ɗaya. Da aka ɗaura mini wannan, wata uku bai cika ba wuyana ya manta. In ya yi kuka in kauce, in ya yi shiru in yi aikina. Bara tankar ruwanmu ta lalace, aka ɗauko ta haya daga gari. Ba ta da uwa." Ya dubi inda ƙafar take da, ya dube ni. "Bai yi mini ƙarya ba. Ba a kira shi ba, bai amsa ba. Kuma ni ina da kunne, ɗan'uwa. Naka ba shi da."

Sannan ya sakar mini. Ya ce yanzu a wurinsu ko keken Bature ba ya shiga ramin sai da uwa a jikinsa.

Dawowa ban ga hanya ba. Ban san me na ci ba, nono kuwa ko an ba ni kyauta. Tunani ɗaya nake ta juyawa. Wurin aikinmu gireda da rola da katafila ne kawai na kamfani. Tifofin duk na haya ne daga Gusau, wadda ta zo yau ba ita za ta zo gobe ba, wani direban ma ba mu san sunansa ba. Na ce to in ƙera wasu uwayen mana, ba ni ne Sahabi ba? A rumfar nan ta Tawa na sa sukurdireba na buɗe ta. Ciki an zuba wani baƙin danƙo ya daskare, ko waya ɗaya ba a gani. Na mayar na rufe. Sai na shiga lallashin kaina: Kawu ba yaro ba ne, zan yi masa bayani, zai ci gaba da waiwaye. Da wannan na ƙetare iyaka, jandarmomin nan har suna ɗaga mini hannu, fankarsu na ta juyawa.

Ban biya gida ba, Bungudu na sauka kai tsaye da hantsi. Kafin in ajiye jaka labari ya zaga, leburori suka watsar da shebur suka taru, aka je mahaɗa aka kira Kawu. Na ɗaura uwar a jikin giredar nan da ta buge shi, na haɗa da batir. Na durƙusa na saƙala masa gyaren a ɗamara da hannuna. Injiniya ya fito ya harɗe hannu. Aka juya Kawu ya ba gireda baya, direba ya taho a hankali. Tun da saura sai muka ga tsoho ya zabura ya dafe ƙugu, ya taka gefe, ya waiwayo. Da ya ga gireda sai ya washe baki. Wurin ya kaure da kabbara da tafi. Rabon da in ga haƙoran Kawu a waje tun kafin ya faɗi.

Ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Gobe in kai ma baduku shi ɗunke min shi cikin fata."

Injiniya ya ce a ba Kawu wurinsa ya gani. Kawu ya ajiye tuta ya koma bayan tifofi, yana ɗaga hannu yana juya su kamar bai taɓa barin wurin ba. Ni na koma gindin wata bishiya ina kallonsa. Da farko yana yi yana waiwaye, yadda ya saba, kamar kaza mai 'ya'ya. Can sai na ga waiwayen na raguwa. In ya so ya juya sai ya kai hannu ya shafa gyaren, ya ci gaba. Kafin azahar wata tifar haya ta yi ribas ta wuce ta bayansa. Ba ta kusa taka shi ba, akwai fili, ba wanda ma ya kula. Amma ni na ga ƙurarta ta taɓa rigarsa, kuma na ga kansa bai motsa ba. Agali ya ce wata uku. Kawu ko wuni bai yi ba.

Daidai nan Injiniya ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Tsoho ya zauna."

Da na yi shiru shi ke nan, kowa ya tashi da farin ciki. Wallahi na so in yi shiru. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana." Na gaya masa komai, har ƙafar Agali. Ya ce, "Ka san abin da maganar nan take nufi?" Na ce na sani. Na roƙe shi ko gadi ne a ba Kawu, ya ce mai gadin da ba ya jin motsi fa? Ya ce zai tambayi manyansa ko za su sayo wa kowace mota, amma kada in sa rai, motocin ba nasu ba ne. Ya ce shi zai gaya wa tsoho. Na ce a'a, ni na ɗaura masa.

Abin da ya fi ci mini rai, kurma ba a yi masa raɗa. Na ja shi gefe iya yadda zan iya, amma dole na kai baki kunnensa na ɗaga murya, duk leburorin da suka gama tafi ɗazu suna ji. "Kawu! Gyaren nan gireda kaɗai yake ji! Tifa ba ya jin ta! Zai sa a taka ka!"

Ya ce, "To in riƙa dubawa mana."

"Ka daina dubawa, Kawu! Ina kallonka! Na gaya wa Injiniya!"

Ya tsaya yana dubana. Ya dubi mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa hannu ya cire gyaren a hankali, ya kama tafin hannuna ya ajiye shi a ciki, ya naɗe mini yatsu a kai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da Bature ne ya kore ni, da na ce bai san ni ba." Ya ɗauki butarsa ya kama hanyar Kekun Waje a ƙasa, ko motar kamfani bai jira ba.

Masu tambaya ina abin yake, yana nan a rumfata cikin gwangwanin kusoshi, wanda ya so ya zo ya gani, amma kada ya ce in ɗaura masa. Daga manyan Injiniya kuwa har yau shiru.

Damina ta sauka, Kawu ya shuka gero da ɗan wake, jikokin na taya shi. Abin da zan iya ina kaiwa, ta hannun Inna Hajo, don in ya san daga gare ni ne ba zai ci ba. Duk Lahadi nakan hau mota in je. In iske shi a gona ko a ƙofar gida yana gyaran fartanya, in durƙusa, in kai baki in gaishe shi da ƙarfi. Ba ya amsawa, ba ya ɗagowa. Inna takan ce, "Ka yi haƙuri, Sahabi, kunnen ne ya ƙara lalacewa." Nakan ce mata haka ne, Inna. Amma na san kunnen da yake ji, kuma ta nan nake durƙusawa. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maku ba. Sai dai duk ranar da na je ina iske shi da ransa, kuma jibi ma Lahadi ce.